Takardar haihuwa da takardar indijin: yadda ake samunsu a ƙaramar hukuma ba tare da zarya ba

Duk makon da aka buɗe ɗaukar soja ko 'yan sanda, ko aka fara tantance sababbin ɗalibai a jami'a, harabar sakatariyar ƙaramar hukuma cika take maƙil. Matasa ne riƙe da fayil, wani ya kwana a mota daga Legas, wani daga Fatakwal, kowa yana neman takarda ɗaya a rana ɗaya. A irin wannan makon ne kuma za a ce ciyaman ya tafi taro birnin jiha, ko fom ya ƙare, ko dagaci ya yi tafiya. Takardun nan biyu, ta haihuwa da ta shaidar asalin ƙaramar hukuma wadda kowa ke kira indijin, ba su da wahalar samu idan an neme su lokacin da babu mai jiransu. Abin da ke ɓata su shi ne gaggawa, sai kuma saɓanin suna da ranar haihuwa tsakanin wannan takarda da waccan. A kan wannan saɓanin za mu fi daɗewa, domin shi ne ke kayar da yara a wurin tantancewa bayan sun ci jarrabawa.

Wace takarda ce ta wane ofis

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwata da sanya wa tituna suna. Sai dai a aikace, takardar haihuwar da ake karɓa ko'ina ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora wa alhakin rajistar haihuwa da mutuwa. Ma'aikatanta na tarayya ne, ko da kuwa ofishinsu yana cikin sakatariya ko a wani ɗaki na asibitin gari. Shi ya sa idan ka je ofishin ma'aikata na ƙaramar hukuma kana neman takardar haihuwa za a nuna maka wata ƙofa.

Indijin kuwa ta ƙaramar hukuma ce zalla. Ita ke bugawa, ita ke sa farashi, shugabanta ko wanda ya wakilta ke sa hannu. Babu tsari guda da ya ɗaure ƙasa baki ɗaya, don haka yadda ake yi a Bichi ba lallai ya zama daidai da na Malumfashi ko Gumel ba. Ginshiƙin dai ɗaya ne: sai masu sarautar gargajiya sun shaida cewa sun san ka, sun san gidanku.

Rajistar jariri

Doka ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa. Kada a jira su cika. Lokacin da ya fi dacewa shi ne mako na biyu, bayan an raɗa suna, sa'ilin da ake kai jariri rigakafi. Rajistar jariri kyauta ce.

Da farko a gane cewa 'yar takardar da asibiti ke bayarwa bayan an sauka ba ita ce takardar haihuwa ba. Shaida ce kawai cewa an haihu a nan, rana kaza. Iyaye da yawa sukan adana ta shekara goma sha biyar suna zaton sun gama, sai ranar da aka ƙi karɓarta. Ita ce za ka ɗauka ka kai wa ma'aikacin Hukumar Ƙidaya. Idan a gida aka haihu, a hannun ungozoma, katin rigakafin yaro ya isa ya zama madogara, domin akwai ranar haihuwa a jikinsa. Saboda haka ranar da za a buɗe katin, a tabbata wanda ya san ainihin ranar ne ya je, ba ƙanwar maijego da za ta ce "wajen sati biyu ke nan" ba.

Uba ko uwa ne ya kamata ya je, ko wani babba na gidan da ya san bayanin duka biyun. Za a tambaye ka sunan yaro, namiji ne ko mace, rana da wurin haihuwa, cikakken sunan uba da na uwa, shekarunsu, sana'arsu, adireshi, da jihar asali. Tun da aka ƙaddamar da rajista ta na'ura a watan Nuwamba na 2023, a wurare da yawa da waya ko ƙaramar kwamfuta ake shigar da bayanan, kuma ana neman lambar NIN ta iyaye, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ka tafi da taka da ta maiɗakinka a rubuce, lambobi 11 kowace. Idan sabis ya ɗauke, za a iya ce maka ka dawo. Kafin ka tashi ka tambayi ranar da ma'aikacin yake zama, domin mutum ɗaya kan riƙe asibitoci biyu ko uku yana zagayawa.

Kafin a danna aikawa, ko kafin a cika takardar da biro, ka ce a karanta maka, ko ka karɓa ka duba da idonka harafi bayan harafi. Minti biyu ne. Gyaran da za ka yi a wannan lokacin kyauta ne, wanda za ka yi bayan shekara goma kuwa sai da kotu da kuɗi.

Maganar suna

A al'adarmu babu sunan dangi da ake gada kaka da kakanni. Yaro yana da sunansa na yanka, a bi shi da na mahaifinsa, wani lokaci a ƙara na kaka ko na gari ko na unguwa. Fom ɗin gwamnati kuwa gida uku ne da shi: sunan mahaifi ko na dangi, sunan mutum, da suna na tsakiya. A nan ake fara rikicewa. Malamin firamare ya rubuta Usman Ibrahim. A sakandare a ga akwai Usman Ibrahim uku a aji, sai a ƙara masa sunan ƙauyensu. Wajen yin NIN ya ba da sunan kakansa Musa a tsakiya. Mai shagon intanet da ya cika masa fom ɗin jarrabawa ya juya, ya mai da Usman sunan mahaifi. Yaro ɗaya, takardu huɗu, mutum huɗu a idon kwamfuta.

Maganin abin shi ne uba ya zauna tun kafin rajista ya yanke shawara sau ɗaya: wane suna ne zai shiga kowane gida, kuma yaya za a rubuta shi. Ya rubuta a takarda ya ajiye, duk 'ya'yansa su bi wannan tsarin. Sunayen da suka fi jawo matsala su ne masu rubutu iri-iri. Muhammad, Muhammed, Mohammed da Muhammadu duk suna ɗaya ne a wurinmu, amma na'ura ba ta san haka ba. Haka Aisha da Aishat da A'ishatu, Abdullahi da Abdullah, Yusuf da Yusuf mai "ph" a ƙarshe, Sulaiman da Suleiman. Kada a taƙaita, wato kada a rubuta Moh'd ko Abdul a maimakon cikakken sunan. Kada a sa laƙabi a wata takarda, sunan yanka a wata: wanda aka rubuta wa Abubakar a takardar haihuwa kada ya koma Garba ko Habu a makaranta, Aisha kada ta koma Indo.

Akwai kuma haruffanmu masu ƙugiya. Na'urorin rajista galibi ba su da ɓ, ɗ, ƙ, don haka Ɗanladi zai fito Danladi, wannan ba laifi ba ne muddin haka yake ko'ina. Waƙafin sama da ke cikin Rabi'u, Sa'adatu, Mu'azu da Isma'il ya fi wahalarwa, domin wasu shafukan ba sa karɓarsa, wasu su mai da shi wata alama. Shawararmu ita ce a rubuta sunan ba tare da shi ba tun daga takardar farko.

Ga mata, abin da ya fi sauƙi shi ne mace ta ci gaba da amfani da sunan mahaifinta bayan aure. Wadda ta sauya zuwa sunan miji a banki, alhali takardun makarantarta da NIN suna ɗauke da na uba, ta ɗaukar wa kanta rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, kuma idan zama ya ƙare sai a sake sabon lale.

Ranar haihuwa ma haka. Gidaje da yawa da watan Musulunci suke riƙe ranar, "daren sha biyu ga Sha'aban", wanda abu ne mai kyau, amma a rubuta ta boko kusa da ita a ranar, domin lissafin baya yakan zame da kwana ɗaya ko biyu. A kula da jerin rana da wata: 03/04 a fom ɗinmu uku ga Afrilu ne, amma wasu kwamfutocin wata suke fara sawa. Ka ce a faɗa maka sunan watan da baki. Kada kuma ka yarda a sa wa yaro 1 ga Janairu don kawai ba a tuna ba, matuƙar akwai katin rigakafi ko wani a gida da zai iya tunawa.

Wanda ya girma ba a yi masa rajista ba

Yaron da bai kai shekara 18 ba har yanzu ana yi masa takardar haihuwa, a ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumar. A tafi da duk abin da ke nuna shekarunsa: katin rigakafi, takardar asibiti, ko wasiƙar hedimasta da ke nuna ranar da ke cikin rajistar makaranta. Idan an ce akwai kuɗin makara, a tambayi farashin hukuma, a karɓi rasit.

Wanda ya kai 18 ba a ba shi takardar haihuwa irin ta yara. Matakinsa biyu ne. Na farko, takardar rantsuwar shekaru a kotu, gaban kwamishinan rantsuwa. A ƙa'ida ba mai shekarun ne ke rantsewa ba, domin babu wanda ya shaida haihuwar kansa. Uba ne ko uwa, ko kawu, ko yaya wanda ya girme shi sosai. Takardar da aka sa ƙane ko sa'a ya rantse ana iya watsi da ita. Na biyu, a kai wannan rantsuwar ga Hukumar Ƙidaya tare da NIN da hoto, ta ba da takardar tabbatar da haihuwa ta manya. Ana neman wannan ta shafin hukumar na intanet, kuma ana biya.

Kafin a je kotu, a baje duk takardun da mutum ya riga ya mallaka: sakamakon firamare, na WAEC ko NECO, NIN, lambar BVN ta banki, katin zaɓe. Ranar da ke kan mafi yawansu, musamman sakamakon jarrabawa wanda sauya shi ke da matuƙar wuya, ita za a duba a ga ko ita ce ta gaskiya, sannan a gyara sauran su bi ta. Rage shekaru don a shiga aikin ɗamara kuwa, ban da kasancewarsa rantsuwa a kan ƙarya, ba ya ɓoyuwa yanzu. Tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, take ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye daga NIN, masu ɗaukar aiki kuma suna gwada takardu da juna. Wanda takardarsa ta nuna ya gama firamare yana ɗan shekara shida ya gama tona kansa.

Takardar indijin, daga ƙofar mai unguwa zuwa sakatariya

Ana neman ta wajen shiga manyan makarantu, tallafin karatu na jiha, aikin gwamnati, aikin soja da na 'yan sanda da sauran masu kaki, da fasfo na fita waje. Tushen abin shi ne tsarin raba daidai da ke sashe na 14(3) na kundin tsarin mulki, wanda Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ke sa ido a kai. Sashe na 318 ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wata al'umma ce ta jihar. A aikace dai ƙananan hukumomi gidan uba suke bi. Haihuwa a gari ko daɗewa a cikinsa ba ya wadatarwa a ko'ina: wasu wuraren suna bai wa wanda iyayensa suka daɗe, wasu ba sa bayarwa, kuma wannan tsohuwar taƙaddama ce da ta cutar da mutane da yawa waɗanda ba su san wani gari ba sai inda aka haife su. Idan kana cikin wannan hali, ka fara tambayar mai unguwarku kafin ka kashe ko kwabo.

Ka fara da sakatariya, ofishin daraktan ma'aikata wanda ake kira DPM, ko teburin da aka ware wa indijin. Ka tambayi abu uku: nawa ne kuɗin, hannun su wa ake buƙata, kuma wace rana ake sa hannu na ƙarshe. Ka biya a ofishin kuɗi ko asusun da aka nuna maka, ka karɓi rasit mai tambarin ƙaramar hukuma da lamba. Kuɗin da aka miƙa a ƙarƙashin bishiya ba tare da rasit ba, ba ya cikin littafi, kuma sau da yawa takardar da ta biyo bayansa ma ba ta ciki.

Ka tanadi hotuna ƙanana guda huɗu iri ɗaya, sababbi, da kwafin takardar haihuwa, da kwafin NIN. Idan mahaifinka ko yayanka yana da tasa indijin ɗin, ka haɗa da kwafinta, tana rage tambayoyi ƙwarai. Ka cika fom da manyan baƙaƙe, kana kwafar sunan daga takardar haihuwa, ba daga ka ba.

Daga nan sai mai unguwa. Idan ba a garin ka tashi ba, kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da baffanka ko wani dattijo na gidanku, shi zai gaisa ya gabatar da kai: "Ranka ya daɗe, ɗan wajen yayana ne da ke zaune Kaduna, jikan gidan wane." Mai unguwa yana da haƙƙin ya ƙi sa hannu ga wanda bai sani ba, domin shi za a tuhuma idan ta ɓaci. Zai tambayi sunan kaka, da gidan, da wanda ke cikinsa yanzu. Bayan shi sai dagaci, sannan hakimi. Sunayen sun bambanta: a ƙasar Katsina za ka ji magaji a matsayin dagaci, a Sakkwato uban ƙasa ake ce wa mai gunduma, a Barno kuma bulama da lawan. Wasu ƙananan hukumomin suna ƙara hannun kansilan mazaɓa. Kada ka tsallake mataki. Fadar hakimi ba za ta duba fom ɗin da babu hannun dagaci ba, sai ka koma ka sake kuɗin mota.

A kowane mataki ka duba abu uku kafin ka fito: sa hannu, hatimi, da kwanan wata. Hatimin da tawadarsa ta dishe har ba a karanta sunan gundumar, ka roƙa a sake bugawa. Safiya ta fi, lokacin zaman fada. Ranar kasuwar garin da ranar Juma'a ba su da tabbas.

Ka mayar da fom sakatariya, a shigar da sunanka a rajista, a buga takardar, a kai wa ciyaman. Nan ne jinkiri yake. Idan yana gari, kwana ɗaya zuwa uku. Idan ba ya nan, ko ana tsakiyar sauyin shugabanci, ka tambayi wanda aka ba ikon sa hannu a madadinsa. Da ta fito, ka duba suna, sunan gunduma da ƙauye, lambar takarda, da hatimin da ya kamata ya hau gefen hoton ya taɓa takardar, don kada a ce an sauya hoto.

Wani tarko da ba a cika lura da shi ba shi ne sauyin iyakoki. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato da Yobe daga Barno a 1991, Zamfara daga Sakkwato da Gombe daga Bauchi a 1996, kuma an ƙirƙiri sababbin ƙananan hukumomi a wannan tsakanin. Tsohuwar takardar mahaifinka za ta iya ɗaukar sunan ƙaramar hukumar da ƙauyenku ya bari tuntuni. Ka nema a inda ƙauyen yake yau, kuma ka tabbata abin da ke cikin NIN ɗinka da fom ɗin JAMB ya dace da ita. Riƙe indijin biyu na wurare daban-daban, ɗaya ta garin uba ɗaya ta inda ake zaune, yana iya jawo a soke gurbin karatu ko aiki idan aka gano.

Yadda za ka san gaskiyar sanarwa

A ƙaramin gari labari yana zuwa ta bakin mai shela, ta sanarwar bayan sallar Juma'a, ta rediyo, ta allon sanarwa na sakatariya, yanzu kuma ta zaurukan WhatsApp na unguwa. Na ƙarshen ya fi sauri, ya kuma fi kawo ƙarya. Idan aka turo cewa ana rajistar haihuwa gida-gida ko ana raba fom ɗin tallafi, ka tambayi mai unguwa, domin duk aikin hukuma na gaskiya da zai shiga gidaje ta hannun hakimi da dagaci yake biyowa kafin ya iso gare shi. Idan bai sani ba, ka dakata. Sanarwar da ba ta da kwanan wata, ko ta ce a tura kuɗi asusun wani mutum, ko a turo NIN da BVN ta waya, a bar ta. Idan kuwa rajistar ta gaskiya ce ta zo ƙofar gida, a fito da duk yaran da ba su da takarda a yi musu a zama ɗaya, har da almajiran da ke hannun malam idan akwai bayanan iyayensu.

Adanawa, ɓata, da mutuwa

Ranar da takarda ta shigo hannu a yi mata kwafi biyar, a ɗauke ta hoto mai kyau da waya, a tura wa wani ɗan'uwa amintacce ko a ajiye a imel. A rubuta lambarta a wani littafi dabam. Asalin a sa shi a fayil na leda, a cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara da ruwan damina. Liƙe ta da leda mai zafi yana kare ta daga ruwa, amma yana danne hatimi mai tudu, kuma ba za a iya ƙara wani tambari a jikinta ba idan an buƙaci tantancewa daga baya. Gara a liƙe kwafin, a bar asalin.

Idan ta ɓata ko ta ƙone, a kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takardar rahoton, a yi rantsuwar ɓata a kotu, sannan a koma ofishin da ya bayar tun farko da kwafi ko lambar. Da lamba, magatakarda zai buɗe rajista ya gano ta cikin ɗan lokaci. Babu lamba, sai an bi littattafai shekara-shekara.

Rajistar mutuwa ma a teburin Hukumar Ƙidaya ake yin ta. Mu da muke binne mamaci a ranar, ba kasafai ake tunawa da ita ba sai an je banki ko ofishin fansho an ce a kawo shaida. Bayan sadakar uku ko ta bakwai, wani daga cikin magada ya karɓi takardar likita idan a asibiti aka rasu, ko wasiƙar mai unguwa da dagaci idan a gida ne, ya kai tare da katin shaidar mamacin. Sunan da za a rubuta ya zama daidai da wanda ke kan asusunsa na banki da takardun aikinsa, ba sunan da aka fi saninsa da shi a gari ba.